Darajar zafi da makamashin motsi: yadda za ka bi lissafin gas na ƙiyasi da gas na zahiri

Kusan duk ɗalibin da ya zauna jarabawar WAEC ko NECO a fiziks da kemistiri ya haddace jumlar nan: darajar zafi ma'auni ce ta matsakaicin makamashin motsin ƙwayoyin gas. Haddar ba ta da wuya. Inda ake rikicewa shi ne ranar da malami ya ce gas ɗin da ake ta lissafi da shi a littafi babu shi a duniya, na ƙiyasi ne kawai, na zahiri kuma ba ya bin dokokin. Daga nan sai ɗalibi ya ɗauka jumlar da ya haddace ita ma ta faɗi ke nan. Ba ta faɗi ba. A gas na zahiri ma, matsakaicin makamashin tafiyar ƙwaya ɗaya yana nan daram a kan darajar zafi. Abin da ya ƙaru shi ne wani makamashi na biyu, wanda ke ɓoye a cikin jan da ƙwayoyin suke wa juna. Wanda ya iya raba waɗannan biyun zai warware kusan kowace tambaya a wannan babi, kuma zai gane dalilin da ya sa tukunyar gas take yin gumi in an ƙure mata wuta.

Mataki na 1: Mayar da darajar zafi zuwa kelbin kafin ka taɓa komai

Ƙara 273 a kan digirin Salshiyas (273.15 in ana son ƙwaƙƙwafi). Digiri 27 ya zama kelbin 300. William Thomson, wanda daga baya aka naɗa Lord Kelvin, shi ya kawo wannan ma'auni a 1848, kuma amfaninsa shi ne sifilinsa sifili ne na gaskiya, ba wurin da ruwa ke daskarewa ba. Makamashin motsi yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kelbin ne kaɗai.

Ga misali daga wurin mai faci. An sa wa taya iska 32 a ma'aunin psi da sanyin safiya, zafi digiri 20. An ɗauki hanyar Kano zuwa Zariya da rana tsaka, iskar cikin tayar ta kai digiri 50. Wanda ya raba 50 da 20 zai ce matsi ya ninka sau biyu da rabi, wato ya kai 80, kuma da haka ne da babu motar da za ta isa tasha. Lissafin daidai shi ne 323 a raba da 293, wanda ya ba da 1.10. Sannan akwai tarko na biyu: ma'aunin mai faci yana nuna rarar da ke saman matsin iskar waje ne, don haka sai ka ƙara kimanin 14 ka samu 46, ka ninka da 1.10 ka samu kusan 50.7, ka cire 14 ɗin. Ma'auni zai nuna kusan 37. Wannan ya sa ake cewa a auna taya tana da sanyi, kuma kada a sassauta mata iska don an ga ta hau a tsakiyar tafiya.

Mataki na 2: Duba ko gas na ƙiyasi zai ishe ka

Gas na ƙiyasi, wanda ake ji malamai na kira aidiyal a aji, an gina shi ne a kan zato guda biyu manya. Na farko, ƙwayoyin ba su da girman da za a lissafa idan an kwatanta da mazubin da suke ciki. Na biyu, ba sa jan juna, ba sa ture juna, sai dai karo, kuma karon ba ya cinye makamashi. Daga nan dokar PV = nRT ta fito, inda P yake matsi, V girman mazubi, n yawan mol (ma'aunin yawan ƙwayoyi), T darajar zafi a kelbin, R kuma 8.314 jul (ma'aunin makamashi) a kan kowane mol da kowane kelbin.

A iskar da muke shaƙa wannan zato ya kusan zama gaskiya. Mol ɗaya a matsin bar 1 (kusan matsin iskar waje) da kelbin 300 yana cin wuri lita 24.9, alhali wurin da ƙwayoyin naitirojin ɗin suke tarewa bai wuce lita 0.04 ba. Tazarar da ke tsakanin ƙwaya da 'yar'uwarta ta kai kusan sau goma na faɗin ƙwayar kanta, jan junan kuwa ba ya kaiwa nesa. Saboda haka a matsi kaɗan da zafi mai yawa, yi amfani da PV = nRT ka wuce abinka. Ka fara shakka ne idan matsi ya haura bar goma ko makamancin haka, ko kuma gas ɗin ya kusa zama ruwa-ruwa.

Mataki na 3: Lissafa matsakaicin makamashin motsi

Ga ƙwaya ɗaya, makamashin shi ne (3/2)kT. Harafin k shi ne lambar Boltzmann, 1.380649 × 10⁻²³ jul a kan kelbin, kuma tun daga watan Mayun 2019 an tsayar da ita a haka cif, har ma da ita ake fassara kelbin ɗin kansa. A kelbin 300 amsar ita ce 6.21 × 10⁻²¹ jul. Ga mol guda kuwa sai ka sa R a madadin k: (3/2) × 8.314 × 300, wato kimanin jul 3,741.

Ka lura da abin da babu shi a cikin wannan lissafi. Babu nauyin ƙwaya, babu matsi, babu girman mazubi, babu sunan gas. Hiliyam da oksijin da gas ɗin girki, in dai darajar zafinsu ɗaya, matsakaicin makamashin tafiyarsu ɗaya ne. Masu shirya jarabawar JAMB suna son wannan tarkon: su jero gas huɗu a zafi ɗaya su ce wanne ya fi makamashin motsi. Babu wanda ya fi.

Ukun da ke sama ta fito ne daga fuskoki uku da ƙwaya za ta iya tafiya: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Kowace fuska tana da rabon (1/2)kT.

Mataki na 4: Daga makamashi ka fitar da gudu

A nan ne nauyi yake shigowa. Tunda (1/2)mv², inda m yake nauyin ƙwaya, v kuma gudunta, daidai yake da (3/2)kT, gudun da ake kira rms, wato tushen murabba'in matsakaicin v², shi ne √(3RT/M), M kuma nauyin mol ɗaya ne. Kuskuren da ya fi kayar da ɗalibai shi ne barin M a giram. Dole ya koma kilogiram: naitirojin 0.028, ba 28 ba. In ka ga amsarka ta fito mita 16 a daƙiƙa, to ka manta da wannan.

A kelbin 300, 3RT ya kama 7,483. Raba da nauyin kowane gas ka ɗauki tushen murabba'insa. Naitirojin yana ba da kimanin mita 517 a daƙiƙa, oksijin 484, kabon-dayoksaid 412, butan na tukunyar girki 359, hiliyam kuwa 1,368. Hanya mai sauƙi ta duba kanka ita ce gudun sauti a iska, wanda yake kusan mita 347 a daƙiƙa a wannan zafin. Gudun ƙwayoyin iska ya ɗara shi kaɗan, ba ya ninka shi sau goma, ba ya kuma gaza shi.

Tunda akwai tushen murabba'i, ninka darajar zafi sau biyu ba ya ninka gudu sau biyu. Don gudun ƙwayoyin da ke digiri 27 ya ninka, sai an kai kelbin 1,200, wato digiri 927.

Mai hankali zai yi tambaya a nan: in ƙwayoyi na gudun mita ɗari biyar a daƙiƙa, me ya sa ƙamshin turaren wuta yake ɗaukar lokaci kafin ya ratsa ɗaki? Masanin yanayi ɗan ƙasar Holan, Buys Ballot, ya jefa wa Rudolf Clausius irin wannan tambayar, Clausius kuma ya amsa a 1858 da cewa ƙwaya ba ta yin nisa kafin ta yi karo. A iskar ɗaki tafiyar tsakanin karo da karo ba ta wuce nanomita 70 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma ana yin karon sau biliyoyi a daƙiƙa. Gudu akwai, ci gaba ne babu. James Clerk Maxwell ya ƙara da cewa, a 1860, ba duka ƙwayoyin ke gudu ɗaya ba: wasu na rarrafe, wasu na tsala gudu, yawancinsu na tsakiya. Shi ya sa kalmar matsakaici ba ado ba ce a cikin jumlar, in ka bar ta a jarabawa ka bar maki.

Mataki na 5: Kada ka haɗa makamashin tafiya da jimillar makamashin ciki

Tun kafin a zo ga gas na zahiri akwai wani rabe-rabe. Hiliyam da agon ƙwayar zarra ɗaya ce tilo, ba abin da take yi sai tafiya. Naitirojin da oksijin zarra biyu ne a manne, don haka suna tafiya suna kuma juyawa. Kabon-dayoksaid har da karkarwa yake yi. Juyawa da karkarwa suna cin nasu rabon makamashin, shi ya sa ɗaga mol ɗaya da digiri ɗaya a rufaffen mazubi yake cin jul 12.5 ga agon, 20.8 ga naitirojin, kusan 28.8 ga kabon-dayoksaid. Amma (3/2)kT na tafiya bai canza ga kowannensu ba. In tambaya ta ce makamashin tafiya, yi amfani da 3/2. In ta ce makamashin ciki na gas mai zarra biyu a zafin ɗaki, yi amfani da 5/2.

Mataki na 6: Gyara matsi da girma da lissafin van der Waals

A 1873 Johannes van der Waals ya gabatar da kundin digirinsa a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1910. Ya ɗauki zato biyun nan na mataki na 2 ya yi wa kowanne gyara:

(P + an²/V²)(V − nb) = nRT

Harafin b yana wakiltar wurin da ƙwayoyin suka tare, harafin a kuma ƙarfin jan juna. Ga kabon-dayoksaid, a kimanin 3.64 ne, b kuma 0.0427, idan ana aiki da bar da lita, R kuma ya zama 0.08314. Ka tabbatar teburin da ka ɗauko lambobin da R ɗin da kake amfani da shi ma'auninsu ɗaya, domin wasu littattafan da atm suke aiki.

Mu matse mol ɗaya cikin lita ɗaya a kelbin 300. Dokar gas na ƙiyasi ta ce matsi bar 24.9 ne. Yanzu bi gyaran ɗaya bayan ɗaya. Cire b daga girma: 1 − 0.0427 = 0.9573. Raba 24.94 da shi, ka samu 26.05. Girman ƙwayoyi ya ɗaga matsi da kusan bar 1. Sai ka cire a/V², wato 3.64, ka samu bar 22.4. Jan juna ya sauke shi da fiye da bar uku da rabi. Gyaran biyu suna ja-in-ja ne, kuma a nan jan juna ya yi rinjaye. Matse shi cikin rabin lita, ƙiyasi ya ce 49.9, van der Waals ya ce kusan 40.

Don auna girman kaucewar, lissafa Z = PV/nRT. A misalin farko Z ya kama 0.90. Ƙasa da 1 na nufin jan juna ne ke mulki, sama da 1 na nufin cunkoso ne. Iskar CNG da ake zuba wa motoci da Keke Napep yawancinta gas ɗin da ake kira mitan ne a matsin kusan bar 200, inda Z yake wajen 0.8, don haka silindar tana ɗaukar gas fiye da abin da PV = nRT zai gaya maka, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Naitirojin a bar 1,000 kuwa Z ɗinsa ya kai wajen 2.

Shi ma van der Waals ba ma'asumi ba ne. Kusa da inda gas ke zama ruwa-ruwa lambobinsa na kaucewa sosai, injiniyoyin matatar mai kuma sun fi dogara da ingantattun lissafai irin na Peng da Robinson na 1976. Darajarsa ita ce yana nuna maka dalili ƙarara.

Mataki na 7: Yi lissafin makamashi gida biyu

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma a nan ya kamata ka zauna.

A gas na ƙiyasi makamashin ciki gida ɗaya ne, na motsi, kuma darajar zafi kaɗai ke juya shi. A gas na zahiri gida biyu ne: na motsi, da na jan juna, wanda a lissafin van der Waals yake −an²/V. Alamar cirewa tana nufin ƙwayoyin da ke kusa da juna suna cikin rami, sai an biya makamashi kafin a raba su. Ga kabon-dayoksaid ɗinmu na cikin lita ɗaya, 3.64 bar-lita ne, kowace bar-lita kuma jul 100 ce, wato −364 jul. Makamashin tafiyarsa kuwa yana nan 3,741, daidai da na hiliyam, daidai da na gas na ƙiyasi.

Me ya sa jan juna bai taɓa wannan lamba ba? Dalilin yana cikin aikin Ludwig Boltzmann. Makamashin motsi ya dogara ne da gudun ƙwaya kawai, na jan juna kuma ya dogara da wurin da ƙwaya take kawai. In komai ya daidaita, rabon gudu da rabon wuri kowanne zaman kansa yake. Jan juna yana canza inda ƙwayoyi suka fi taruwa, yana sa su ɗan lafe wa juna, amma ba ya canza yadda gudu ya rabu a tsakaninsu. Gaskiya ne ƙwaya tana ƙara gudu yayin da take faɗawa wajen 'yar'uwarta, amma wata tana rage gudu a daidai lokacin tana fita, karo kuma yana ta baje bambancin.

Littattafai da yawa suna cewa matsin gas na zahiri ya ragu ne domin ƙwayar da ta doshi bango 'yan'uwanta na janyo ta baya, sai ta bugi bangon da sanyin jiki. Ka rubuta hakan a jarabawa, za a ba ka maki. Amma bayanin ya gurgunta, kuma shi ne ke sa ɗalibai zaton makamashin motsi ya ragu. Abin da ke faruwa shi ne masu rarrafe ana juyo da su kafin su isa bango, masu gudu kuma suna isa da ragowar gudunsu, sai matsakaicin waɗanda suka isa ya fito daidai da na cikin tsakiya. Yawan masu isa ne ya ragu, ba zafin bugunsu ba.

Yanzu gwada gidan biyu da lissafi. A bar gas ɗin ya bazu daga lita 1 zuwa lita 10 cikin mazubin da babu komai a ciki, ba zafin da ya shiga, ba wanda ya fita, ba abin da ya tura. Jimillar makamashi ba za ta canza ba. Gas na ƙiyasi zai tsaya a kelbin 300. Kabon-dayoksaid kuwa makamashin jan junansa ya tashi daga −364 zuwa −36, wato ya ci jul 328, kuma ba inda zai samo su sai daga gidan motsi. Raba 328 da 28.8, ka ga zafi ya faɗi da kusan digiri 11. Yi wa hiliyam wannan lissafin, wanda a ɗinsa 0.0346 ne kacal, faɗuwar ba ta wuce rubu'in digiri ba. Ka lura ƙa'idar ba ta karye ba: makamashin motsi ya ragu, darajar zafi ta bi shi ƙasa, suna tare.

James Joule ya gwada wannan da iska a 1845 bai ga canji ba, saboda ruwan da ya nitsa mazuban a ciki ya yi yawan da zai shanye ɗan bambancin. Daga 1852 shi da Thomson suka koma tura gas ta cikin toshiya mai ƙofofi, a nan suka ga sanyin. Iska tana sanyi da kusan rubu'in digiri a kan kowace bar da matsi ya faɗi, kabon-dayoksaid da fiye da digiri ɗaya. Ƙanƙanin abu ne, amma Carl von Linde na Jamus ya yi ta maimaita shi a cikin inji har ya mayar da iska ruwa-ruwa a 1895. Haidirojin da hiliyam kuwa a zafin ɗaki ɗumi suke yi maimakon sanyi in an tura su ta toshiya, domin jan junansu ya yi rauni, turin ya fi. Sai an fara sanyaya haidirojin ƙasa da kimanin kelbin 200, hiliyam kuma ƙasa da kimanin 40, kafin dabarar ta yi aiki. Wannan na cikin dalilan da suka sa sai a 1898 James Dewar ya samu haidirojin mai ruwa-ruwa, Kamerlingh Onnes kuma ya samu na hiliyam a Leiden a 1908.

Kafin ka ce wani sanyi na Joule da Thomson ne, tambayi kanka ko gas ɗin ya tura wani abu. Gas ɗin da ya tura fistan ko ya tura iskar waje ya yi aiki, kuma zai yi sanyi ko da na ƙiyasi ne. Haka ɗumin famfon keke: hannunka ne ya yi aiki a kan iskar, ba ruwan jan juna a ciki.

Mataki na 8: In akwai ruwa-ruwa a mazubi, ajiye PV = nRT gefe

Thomas Andrews ya nuna a 1869 cewa kabon-dayoksaid ba ya zama ruwa-ruwa sama da digiri 31, komai matsin da aka yi masa. Kowane gas yana da irin wannan iyakar. Ta oksijin kusan −119 ce, ta mitan −83, ta furofan 97, ta butan 152. Ma'anarta a harshen makamashi ita ce: sama da iyakar, motsi ya fi ƙarfin jan juna, ƙasa da ita kuwa jan juna zai iya kama ƙwayoyin in an kusanto da su.

Duba iyakar gas ɗin ka kwatanta da zafin wurin, za ka san abin da ke cikin silinda. Silindar oksijin ta asibiti gas ne zalla a ciki, don haka agogon matsinta yana faɗin gaskiya: in matsi ya koma rabi, kusan rabi ya rage. Tukunyar gas ɗin girki kuwa cakuɗen butan da furofan ne, kuma ruwa-ruwa ne a ƙasa, tururi a sama. Jijjiga ta za ka ji. Muddin akwai sauran ruwan, matsin ciki darajar zafi ce ke tsara shi, ba yawan abin da ya rage ba. Furofan yana ba da kusan bar 8 a digiri 20, kusan 14 a digiri 40, butan kuma daga 2 zuwa kusan 4. Shi ya sa ake sayar da gas da kilo, ake ɗora tukunya a sikeli a cika 12.5 ko 6 ko 3, ba a auna ta da agogon matsi. Shi ya sa kuma ba a cika ta maƙil, ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar domin ruwan ya samu wurin kumbura, kuma ba a ajiye ta a rana a watan Afrilu. In ta yi yoyo, butan ya ninka iska nauyi sau biyu, ƙasa yake kwanciya, don haka a buɗe ƙofa ba taga kaɗai ba, kada kuma a taɓa makunnin lantarki.

Gumin da tukunya take yi in an daɗe ana girki da babbar wuta shi ne lissafin mataki na 7 a fili. Ƙwayoyin da suka fi gudu ne ke kuɓucewa daga ruwan, kowacce ta biya kuɗin fita daga ramin jan juna, waɗanda suka rage matsakaicin makamashinsu ya faɗi, ƙarfen ya yi sanyi, laimar iska ta taru a jikinsa. Layin da gumin ya tsaya yana nuna maka inda ruwan ya kai. Firiji ma da haka yake aiki: kwamfireso ya matse gas, ya zubar da zafinsa ta bayan firijin ya zama ruwa-ruwa, ya bi ta siririn bututu ya fita inda matsi ya yi ƙasa, ya tafasa yana zuƙe zafin abincin.

Gwajin da ya fi tona asirin wanda bai gane ba shi ne wannan. Ruwa mai tafasa a digiri 100 da tururinsa a digiri 100, wanne ƙwayoyinsa suka fi makamashin tafiya? Yawancin ɗalibai za su ce tururi. Daidai suke, kowanne kimanin jul 4,650 a mol. Jul 40,700 da ake kashewa don mayar da mol ɗaya na ruwa tururi ba su shiga gidan motsi ba ko kaɗan: kusan 37,600 sun tafi wajen raba ƙwayoyin, sauran kusan 3,100 wajen ture iskar waje. Ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni ne domin in ya sauka a fata yana mayar da wannan makamashin gaba ɗaya.

Inda ƙa'idar take karyewa da gaske

Ba matsi ke karya (3/2)kT ba, ba kuma jan juna ba. Dokokin kwantam ne, wato fiziks ɗin ƙananan abubuwa irin su zarra da elektiron, kuma sai a tsananin sanyi ko ga abubuwa marasa nauyi ƙwarai. Hiliyam yana tafasa a kelbin 4.2, kuma a matsin iskar duniya ba ya daskarewa ko an kusanci sifili, saboda akwai ragowar motsin da sanyi ba ya kashewa. Haidirojin a ƙasa da kelbin 50 yana daina juyawa, sai ɗaga shi da digiri ɗaya ya koma cin jul 12.5 kamar agon. Elektiron na cikin wayar tagulla suna gudun sama da mita miliyan a daƙiƙa, kuma sanyaya wayar ba ya rage wannan gudun wani abin kirki. Saboda haka in ka rubuta cewa a sifilin kelbin duk motsi yana tsayawa, ka ƙara da cewa a hasashen gas na ƙiyasi ne.

Ga tambaya ka gwada da kanka. Silinda biyu masu lita 1 a kelbin 300, ɗaya da mol ɗaya na hiliyam, ɗaya da mol ɗaya na kabon-dayoksaid, b na hiliyam kuma 0.0238 ne. Kwatanta makamashin tafiya, gudu, matsi, da abin da zai faru in an bar kowanne ya bazu zuwa lita 10. In ka bi matakan daidai za ka samu makamashin tafiya jul 3,741 ga duka biyun, gudu 1,368 da 412, matsi kusan bar 25.5 da 22.4, faɗuwar zafi kuma rubu'in digiri da digiri 11.